Kaset ɗin da Yaya Ummaru ya goge

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana Ummaru, malamin firamare a Bodinga, kuma har yau in na ga batir sai na tuna shi.

A Jamhuriya ta Biyu wani malamin jami'a ya ba shi rakoda, ya ce ya riƙa ɗaukar maganar tsofaffi, wai wata rana inji zai koyi Hausa. Dariya muka yi ta yi. Duk Alhamis sai ya ɗaure rakodar bayan keke, ya nufi Sifawa ko Mandera, ya zauna gaban masu albasa yana tambayar sunan kowane aiki, tun daga rainon iri har ajiya a rudu, rumbun albasa.

Da tsadar rayuwa ta zo, kaset ya gagara. Ya koma ɗaukar sabo a kan tsoho. Wata rana na tarar ya ɗora hirar wata tsohuwar Dandin Mahe kan kaset ɗin da Innarmu ke yi mana tatsuniya. Na yi masa tas. Ya ce, "Haba Kulu, Inna muna da ita gida. Tsohuwar ga fa, wa ya san gobe?"

Daminar shekarar Inna ta rasu. Tsohuwar kuwa sai da ta ƙara shekara tara. Na daɗe ban yafe masa ba, shi ma bai yafe wa kansa ba.

Yanzu waya na magana da Hausa. Amma maƙwabcina manomi ya tambaye ta maganin tsutsar albasa da Sakkwatancinsa, ta kasa gane shi, sai da ya kwaikwayi Kanawa. Da Yaya na raye, ban sani ba ko murna zai yi ko tsaki.

Bara wasu ɗalibai suka zo neman kaset ɗinsa, don injin ya ji irin maganarmu. Na ba su kwali guda, na ce na tsohuwar Dandin Mahe kam sai mun saurare shi tare. Tsohuwar ta gama hirarta, zaren ya ci gaba da juyawa. Can ƙarshe, inda gogewar ba ta kai ba, sai muryar Inna, wadda ba ta taɓa faɗin sunan Yaya, ɗanta na fari, ba: "Kai wannan, kashe abin ga, tuwonka na hucewa."

Na ce su mayar baya. Sau huɗu suka mayar, sannan na miƙa musu shi.