Famfon da Na Toshe da Ƙaro

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. A shekarar nan rumbuna sun ƙare da wuri, mutane sun yi zafin rai, ko gaisuwa a gajarce ake yin ta. Lokacin nan mijina, makanike a tashar Kaura Namoda, ya rasu ya bar mini 'ya'ya da rumfar kayan gyaran mota. Kafin haka ni matar gida ce kawai, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da shi nake rubuta muku wannan, ku yara masu tasowa.

A bakin marigayi na san famfon ruwan mota. Shi ke juya ruwa tsakanin inji da lagireto don kada injin ya ƙone. Idan zai mutu ba ya ɓoyewa. Boris ɗinsa, wato ƙarfen da yake juyawa a kai, zai fara kuka, idan ka kama fanka ka girgiza za ka ji tana lilo, sannan akwai wani ɗan rami a ƙarƙashinsa da ke ɗigar da ruwa. An yi ramin ne musamman don ya gargaɗi direba.

Wata rana na kalli tulin matattun famfuna a bayan rumfa, na ɗauki ɗaya. Na wanke shi da kananzir, na cusa giris har kukan ya mutu, na kwaɓa ƙaro da toka na toshe ramin, na bi da fenti. Na sa shi a kwalin sabo. Kafin la'asar an saye shi. Na ce daga wannan ba ƙari, amma na ƙara, har hannuna ya ƙware. Direbobi sun yarda da ni don ba na ɗaga murya, kuma ni matar ogansu ce.

Cikinsu akwai Garba, mai akori-kura da ke jigilar hatsi tsakanin Zurmi da Shinkafi. Mijina ne ya koya masa riƙe sifana. Na sayar masa da ɗaya daga cikin famfunan nan. Ba a daɗe ba ya dawo, ya ɗaga bonet a gaban rumfata.

"Gwaggo, saurara ki ji. Mi wanga abu ke ma kuka kamar mage?"

Na san kukan. Na ce, "Fambel ne, ɗana, igiyar fanka. A ɗaure shi."

Ya duƙa ya shafa ƙasan famfon, hannunsa ya fito a bushe. Ya yi dariya. "Ai na sani. Kayan Gwaggo ba su ƙarya. Lantana na gaishe ki, ta yi nauyi, wata ya kama."

Na ce Allah ya raba lafiya. Na bar shi ya tafi.

Ranar da naƙuda ta zo wa Lantana, matarsa, ta zo da gardama. Ungozoma a Zurmi ta ce sai asibitin Kaura. Garba ya shimfiɗa matar a bayan mota da rana tsaka, ya taka. A dajin da ba gida ba rijiya boris ya tarwatse, ruwa ya zube, allurar da ke nuna zafin inji ta kai ƙarshe, hayaƙi ya turnuƙe. Lantana na kiran sunansa. Bai jira injin ya huce ba, ya buɗe murfin lagireto. Tururi da sauran tafasasshen ruwa suka watsu masa a fuska. Yana birgima a ƙasa bai gani, ita tana zubar da jini a bayan mota. Kafin wata mota ta biyo hanyar, ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Makaniken da ya kwance famfon ya kankare fentin da wuƙa, sai ga ƙaro. Aka kai ni kotu, sauran direbobi suka kwance nasu suka jibge a gaban alƙali. Ya tambaye ni ko na san motar za ta lalace.

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"Kin san matarsa na da ciki?"

Na ce na sani. Wata mata a bakin ƙofa ta tofa mini miyau.

Na yi shekaru a gidan yari. Aka rarraba 'ya'yana gidajen dangi. Ƙaramar ta rasu da ƙyanda, sai bayan an binne ta aka aiko mini.

Ku ji ni, yara. Idan motarku ta fara kuka daga gaban inji, ko kuka ga ɗigon ruwa a inda ta kwana, ko allura na hawa, ku tsaya ku kashe ta. Kada ku taɓa murfin lagireto sai ya huce. Famfon da ya mutu canza shi ake yi, ba a lallaɓa shi. Idan kuma sana'a kuke, kada ku rufe aibin kaya don wanda ya saya ya yarda da ku. Ni ba da wuƙa na kashe Lantana ba, da murmushi ne.

Da na fito na nemi Garba. Aka ce ya koma Shinkafi wurin tsohuwar mahaifiyarsa. Na same shi a zaure yana tufka igiya, fuskarsa duk tabo, idanun sun yi fari. Na yi sallama, ya gane muryata.

"Gwaggo. Kin zo ki ga aikinki?"

Na durƙusa na ce ya yafe mini don Allah.

"Na ido na bar miki. Na Lantana ba ni da shi, balle in ba ki. Tashi ki tahi."

Ban tafi ba. Na kwana a gidan wata mai fura kusa da su. Da gari ya waye na ari tulu na nufi rijiya, na yi ta kai da kawowa har na cika musu randuna. Yana zaune yana jin zubar ruwan. Bai ce sannu ba, bai kuma ce in daina ba.