Motar Baba Irmiya tana garejina

Labarin ya same ni da safen nan ina kwance a ƙarƙashin motarsa, da sifanar kwance noti a hannu. Baba Irmiya ya rasu.

Matarsa, Mama Saratu, ta ce ya zauna a bakin ƙofa a gidansu na Kuje zai ɗaura takalmi, bai tashi ba.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga gareji, in fito, in zagaya unguwarmu ta Apo, in dawo in tsaya ina kallon tsohuwar bas ɗin nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba: tsohon direban ma'aikata ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi wannan bas, ya cire kujerun baya. In wani ɗan arewa na cocinmu na Hausa ya mutu a Abuja, Baba ne ke ɗauko shi daga mutuware ya kai shi ƙauyensu. Ba wanda ya naɗa shi. Yakan ce, "Ubangijinmu Yesu ma sai da wani ya ɗauki gawarsa. Aiki ne, wani zai yi."

Ni kuwa na daɗe da daina zuwa coci. Na gaji da garin da in ba ka da babbar mota ko gaisuwarka ba a amsawa, har a bakin majami'a. Amma in faɗi gaskiya, ba kowa ne haka ba. Baba bai taɓa yi mini wa'azi ba. Gyaɗa yake kawo mini a leda, ya zauna kan tsohuwar taya yana kirana Oga Injiniya, alhali ya san firamare ma da ƙyar na gama.

Sau ɗaya na bi shi, don injin yana zafi, yana tsoron kada ya tsaya a hanya. Gawar wani magini ɗan wajen Malumfashi muka ɗauka, matarsa na zaune kusa da akwatin. Muna wuce Zuba sai na ji Baba ya ɗaga murya: "Malam Bitrus, mun bar Abuja." Can kuma: "Malam Bitrus, ga Kaduna." Kowane gari sai ya faɗa.

Da muka tsaya shan mai na ce, "Baba, wai yana jin ka ne?"

Ya ce, "Shi yana wurin Ubangiji, ya riga mu isa. Ita nake faɗa wa. Mace na bayan mota da mijinta a akwati, gara ta riƙa jin hanya na raguwa."

Na roƙe shi ya sauke ni a Zariya, na jira dawowarsa a tasha. Bai tambaye ni dalili ba, ya sani.

Ƙauyenmu da nasu Baba maƙwabta ne, bayan Malumfashi, rafi ne kawai tsakani. Shekara goma sha huɗu rabona da can. Ranar da Inna ta rasu ina hanya, motar da na shiga ta lalace, na iso na tarar Yaya Ishaya ya sa an binne ta. Ƙasa kawai na gani. Ko ruwan gidan ban sha ba, na juyo.

Lokacin zafi ne, kuma babu inda za a ajiye ta. Na sani. Da ni ne babba, wataƙila abin da zan yi ke nan. Sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Baba, sati biyu da suka wuce, ya kawo motar birki na ƙara. Raina a ɓace yake ranar, na ce, "Baba, kai ba ka gajiya? Kullum matattu kake kaiwa gida."

Ya yi dariya har da tari. "To ya zan yi, Yohanna? Rayayyun ba sa yarda su shiga mota. Kai ga ka nan."

Na ji haushi. Ya miƙo makulli, na karɓa ban dube shi ba. Aikin yini ɗaya ne, amma na bar motar tana shan rana sati biyu, don in huce. Sau uku ya kira, ina ce masa gobe. Yau da safe ne na shiga ƙarƙashinta.

Wannan laifina ne, ba na Abuja ba, ba na Yaya Ishaya ba.

Dattawan coci sun ce za a nemo motar asibiti mai kyau, don girmama shi. Niyyarsu mai kyau ce. Mama ta ce a'a, a motarsa zai tafi. Ta ce mini a waya, "Ɗana, motar tana wurinka, hanyar kuma ka san ta. Ni zan zauna a baya."

Na ce, "Mama, Yaya zai zo jana'izar."

Ta ce, "Zai zo mana. Shi ne zai haƙa kabarin."

Na kashe wayar, na koma wurin motar.

Ban iya addu'a mai tsawo ba, kuma ban zama mutumin kirki daga safe zuwa yanzu ba. Har yanzu ban san me zan ce wa yayana ba. Amma na tambayi Ubangiji shekara da shekaru me ya ajiye ni yi a garin nan, yau ga makulli a aljihuna, ga bas da ba kujerun baya. Mutanenmu ba za su daina mutuwa a Abuja ba.

Na ɗaure birkin. Ranar Juma'a za mu tashi.

Ya Yesu, ka karɓi bawanka Irmiya, ka ba shi hutu har ranar tashin matattu. Ka riƙe Mama Saratu. Ni kuma ka riƙe mini sitiyari idan mun wuce Zariya.

Ku da kuke karantawa, Kirista da 'yan'uwa Musulmi da kuka san shi, ku sa mu a addu'a. Ku roƙa mini murya, don zan faɗa masa kowane gari: Zuba, Kaduna, Zariya, Funtuwa, Malumfashi. In muka zo rafin nan, sai na faɗi sunan ƙauyenmu kafin nasu.