Tasalla Mai Daddawa da Yafiyar da Ta Ɓata Hanya

A ƙauyukan da ke bayan Burumburum, in aka ambaci Tasalla matar Lado, kafin a tuna daddawarta sai an tuna ranar da ta durƙusa a gidan biki a Doguwa, ta yafe wa matar da ba ta taɓa yi mata laifin komai ba. Da hawayenta da majinarta ta yi. Matar, wata Bafulatana ce mai suna Baturiya, ta saurara har ƙarshe da ludayi a hannu, sannan ta ce ta gode. Masu ba da labarin a nan suke tsayawa, don a nan dariyar take. Amma maganar tana da tushe, tushen kuwa a kasuwa yake.

Tasalla ba mace ce mai zama wuri ɗaya ba. Ko gaisawa kuke yi, hannunta yana tsintar tsakuwa a faifai, idonta yana kan akuya, ƙafarta ɗaya ta riga ta nufi madafa. Lado yakan ce tun da ya auro ta bai taɓa ganin inuwarta ta cika ba. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka fara shiga coci a ƙauyen, kawunta kuma ya musulunta, zumunci bai yanke ba. Kwanon tuwo yana zuwa da Sallah, yana komawa da Kirsimeti. A wurin kakarta ta koyi daddawa: a dafa kalwa ta yi laushi, a kai rafi a wanke, a rufe da ganye a bar ta ta yi warin da maƙwabta za su san an kama hanya, sannan a daka a shanya. Ba ta taɓa haɗa ta da komai ba. Wasu sukan zuba waken suya don ta yi auki, ita kuwa ko sunansa ba ta son ji kusa da tukunyarta. Wannan ne abin alfaharinta a duniya, bayan 'ya'yanta, wani lokacin ma kafin su.

Kawun nan nata yana da 'ya, Tani, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda aure ya kai Doguwa. 'Yar mace da 'yar namiji ke nan, wato taubasai, masu wasa da juna tun suna yawo ba zane. Kowace tana kiran ɗaya baiwarta, har yau ba a yanke hukuncin wace ce uwar gijiya ba. Abin da taubashi ya faɗa maka kuwa, komai ɗacinsa, dariya ake yi. Wanda ya yi fushi shi ne abin kunya.

Wata ranar kasuwa a Tudun Wada, wata 'yar sari daga Bebeji, wadda ta daɗe tana kwashe daddawar Tasalla tana kaiwa Kano, ta tsuguna tana shinshina kaya. Sai ga Tani da galan ɗin mai a ka.

"Hajiya, ki duba da kyau," in ji Tani da ƙarfi. "Baiwar nan tawa rabi kalwa rabi waken suya take yi. Ni nake auno mata waken!"

Matan layin suka kwashe da dariya, don sun san tsakaninsu. Tasalla ma ta yi, dole. Amma 'yar sarin ba ta san wace ce taubashiyar wa ba. Ta ajiye daddawar a hankali, ta goge hannu da gefen mayafi, ta ce bari ta zagayo. Ba ta zagayo ba, ranar ko wata rana. Kafin damina ta faɗi, yaran kasuwa in za su yi kwatance sai su ce layin Tasalla mai waken suya.

To, ina za ta kai wannan ƙara? Mai unguwa zai yi dariya. Kawu zai ce ashe ba ta san wasa ba. Ta gaya wa Lado, shi ma sai da ya murmusa kafin ya ga fuskarta ya haɗiye sauran. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Tani ba ta ma san ta yi ɓarna ba. Duk kasuwa sai ta zo ta tsokane ta, ta ɗebi daddawa ta jefa a jaka ta ce harajin baiwa ne. Tasalla tana dariya da haƙora kawai.

A cocinsu, duk farkon wata akan yi Jibin Ubangiji. Kafin a raba gurasa da ƙoƙo, Fasto Kyauta yakan tsaya ya ce duk wanda yake riƙe da wani a zuciya, ya fara zuwa ya sauke, teburin ba zai gudu ba. Tasalla ita ce mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar mata, wurin zamanta a gaba yake, kowa yana ganinta. Ba za ta iya miƙa hannu da Tani a maƙogwaronta ba, ba kuma za ta iya zama a ga an wuce ta ba. Sai ta koyi fita. Wannan watan jaririn wata ne ya yi kuka ta karɓe shi ta yi waje. Watan da ya biyo ta ce ta ji kamar akuyarta a gonar mutane. Wani watan tari ne ya sarƙe ta, tarin da yake warkewa da zarar an rufe addu'a. Tana tsaye a gindin darbejiya tana jin waƙar da ita ta koya wa matan, ana yi ba tulu, ba ita.

Wata Lahadi Fasto Kyauta ya same ta a gindin bishiyar bayan an tashi.

"Maman zumunta, yaya akuyar? Na ga ita ma ta san kalandar ikilisiya."

Tasalla ta gyara ɗaurin zane, ta dubi hanya, ta dubi sama, sannan ta zazzage masa komai, tana yi tana tsinke ganye.

"Baba Fasto, da ta zo ta ce in yi haƙuri, wallahi da tuni an wuce wurin. Amma ba ta san ta yi ba. Yaya zan yafe wa wadda take ganin ba ta da laifi?"

"Mu da aka yafe mana, jira aka yi sai da muka gane laifinmu?"

"Wannan ai Yesu ne, Baba. Ni daddawa nake sayarwa."

Faston ya yi dariya har ya dafa bishiya. Da ya nutsu ya ce, "Ban ce ki ce ba ta yi ba. Ta yi, kuma ya yi ciwo. Amma dubi, ita tana Doguwa tana soya ƙuli, ke kina nan kina gadin darbejiya. Kullum a addu'a kina roƙon Uba ya yafe miki irin yadda kike yafe wa mutane. Kin tabbata haka kike so ya yi?"

Tasalla ta ce ta bar wake a wuta.

Daga ranar ta shiga shiri. Tana daka tana haɗa maganar da za ta faɗa, tana wankin kalwa a rafi tana gyara ta. Lado ya ce ya sha jin ana yafe wa turmi. Ta taɓa hawa babur da niyyar Doguwa, da suka kai bakin titi ta ce wa mai babur ya juya, ta manta ba ta rufe kaji ba. A kasuwa kuwa, da ta hango galan ɗin Tani sai maganar ta watse, dariyar haƙora ta dawo. Ta gane cewa idon Tani ne matsalar. In ta kalle shi, ko dai ta yi dariya ko ta yi zagi.

Ana haka sai ga goron bikin Rufaida, 'yar Tani, da atamfar anko, shuɗiya mai zanen ganye. Tasalla ta kai ɗinki, ta ɗaure daddawa mai yawa don miyar biki, ta ce wa Lado in ba ta sauke kayan nan a Doguwa ba kada ya buɗe mata ƙofa.

"Ƙofar ai zana ce," in ji Lado. "Ko na rufe za ki ɗaga."

Motar ta bi ta dajin Falgore tana tsalle, Tasalla tana maimaita maganarta a zuci, har matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko haƙori ne yake damunta. Da hantsi suka isa. Gidan ya cika da mata, kowace shuɗiya mai zanen ganye, kamar an zubo su daga buhu ɗaya. Ta tambayi wata ina uwar amarya, aka ce tana bayan gida wajen tukwane. Ta kutsa ba ta ko ajiye mayafi ba, don ta san in ta zauna ta sha ruwa shi ke nan.

A bayan gida ta ga mace ta sunkuya a kan babbar tukunya, ta ba ta baya. Tsayin Tani, faɗin Tani, ɗaurin ɗankwali irin na Tani. Ba kowa kusa. Tasalla ta ce a ranta Allah ne ya shirya, ga baya ba ido. Ta durƙusa, ta kafa idonta a ƙasa, ta fara.

"Kada ki juyo. Ki bar ni in gama. Abin da kika yi mini a kasuwa ya ɓata mini suna, ya kore mini mai saye, ya hana ni teburin Ubangijina. Na zage ki a zuci, na yi fatan manki ya yi ɗaci. Ba ki roƙe ni ba, ba kuma sai kin roƙa ba. Na yafe miki. Don Allah na yafe miki, duniya da lahira."

Ta ƙara da wasu abubuwan da ba sa cikin shiri, har da wata 'yar tsana ta kara da aka karya mata tun suna yara. Matar ba ta juyo ba sai da ta ji shiru. Da ta juyo, sai ga doguwar fuska da tsagar Fulani. Baturiya ce, mai kawo wa Tani nono daga ruga, wadda ita ma aka ba ta anko.

"To, na gode, Inna," in ji Baturiya a hankali. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ni ban taɓa zuwa kasuwarku ba."

Matan da suka zo ɗiban wuta sun ji rabin ƙarshe. Kafin Tasalla ta miƙe, labari ya zaga gidan ya dawo, ya taho da Tani, hannunta duk gari.

"Baiwata, me nake ji? Wa ya ɓata miki suna?"

Yanzu ga ido, ga mutane. Tasalla ta ji ƙafarta tana neman hanyar ƙofa. Ta riƙe ta.

"Ke ce. Waken suya."

Tani ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga ba wurinta ba ne. "Haba Tasalla! Wasa fa nake. Kowa ya san wasa ne."

"Matar Bebeji ba ta sani ba. Ba ta sake dawowa ba."

"To me ya hana ki faɗa mini tun tuni?"

"In ce me? In ce taubashiyata ta yi mini wasa na ji haushi?"

Tani ta murza garin hannunta. Ba ta ce a yi haƙuri ba, ba halinta ba ne, kuma mata sun zuba ido. Cewa ta yi, "Ke ma kin taɓa cewa da man inji nake soya ƙuli."

"A tsakar gida na faɗa, ba gaban mai saye ba."

"Haka ne," in ji Tani, murya ƙasa.

Dogon jawabin ya riga ya ƙare a kan Baturiya, babu saura. Abin da ya rage wa Tasalla kaɗan ne, kuma ya fi na farkon nauyi, don wannan karon tana kallon idon. Ta ce, "Na yafe miki, Tani." Tani ta ja hanci, ta ce hayaƙin itacen nan ɗanye ne, ta kama hannunta ta ja ta wajen miya, ta ce tunda baiwa ta iso sai a ba ta muciya.

Farkon watan da ya biyo, jarirai sun yi kukansu, Tasalla ba ta tashi ba. Ta zauna a gaba da tulunta a cinya, ƙafarta tana rawa kamar kullum, ta miƙa hannu ta karɓa. Da aka fito, Fasto Kyauta ya tambaye ta lafiyar akuya.

'Yar sarin Bebeji ba ta dawo ba har yau, kuma akwai yaran da ba su daina cewa layin mai waken suya ba. Tani tana nan tana karɓar harajinta duk kasuwa, sai dai in ta ga baƙuwar fuska a gaban faifan takan kama bakinta da hannu, abin da yake ba ta wahala ƙwarai. Wani lokacin kuma yakan kuɓuce mata.

Matan zumunta ba su bar maganar ba. Ko kwanan baya, suna shanyar kalwa a tsakar gidanta, wata ta ce, "Maman zumunta, in za ki Doguwa ki gaya mana, mu ba ki mai nuna hanya, kada ki sake yafe wa Fulanin mutane."

Tasalla ba ta ɗago daga faifanta ba. "Ku bar Baturiya, baiwar Allah ce. Sau ɗaya na yafe mata, ta zauna lafiya har yau. Tani fa? Duk ranar kasuwa sai na sake sabuwa. Ku matsar mini da tabarmar nan, rana tana gudu."