Na Je Sulhu a Kan Katun ɗin Japan

Jiya bayan La'asar aka kira ni sulhu a titin 125th Street, nan ƙasar waje inda muke zaune. Isufu ɗan Nijar mai turare da Awudu ɗan Ghana mai tasi sun daina gaisawa, alhali ɗaki ɗaya suke haya.

Na zaunar da su, na yi salati, na ce kowa ya faɗi damuwarsa.

Isufu ya ce, "Alhaji, cewa ya yi anime ɗin da muka taso muna kallo a Yamai shirme ne, wai sai a shekara ana naushi ɗaya!"

Awudu ya ce, "Shi kuma ya faɗa min wanda zai mutu a sabon da ya fito, tun ban kalla ba."

Na ce, "Subhanallahi, wa zai mutu? An sanar da danginsa?"

Suka kalli juna. Ashe katun ne na Japan. Na ce, "Au, wannan na yaran?"

Wallahi nan take suka haɗe kai suka yi min caa. Tare suka tafi cin abinci, suna tausaya min.

Sun dai shirya, amma yanzu ni ne ba sa gaisarwa. Jama'a, wa zai zo ya yi mana sulhu?