Ranar da Na Juya wa 'Yan Kasuwa Gabas

Akwai abin kunyar da na tafka a Kasuwar Sabon Gari wanda ko gigin tsufa ba zai mantar da ni shi ba.

Lokacin ba a daɗe da ɗaukata koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Fagge ba. Kaina ya kumbura, kullum da kamfas a aljihu. Kawuna mai sayar da kayan sauti ya koma sabon shago a wani lungu da ko rana ba a gani, sai ya aiko mini. Ya ce, "Malam, tunda kai ne ɗan boko, zo ka fitar mana da alƙibla."

Na iso da taswira a hammata, 'yan layin suka kewaye ni. Na ɗora kamfas a kan wani baƙin akwati, allurar ta yi rawa ta tsaya. Na auna, na ja layi da alli. Wani dattijo ya ce shi dai jikinsa na ba shi gabas tana wajen matakala. Na ce, "Baba, na'ura ba ta ƙarya." Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar, sai na rufe fuska.

Kwana uku suna bin layina. A na huɗu na leƙo shan yabo, sai maƙwabcin Kawu, wani Kirista Ibo mai gyaran talabijin, haihuwar Sabon Gari, ya matso kusa da Kawu.

"Alhaji, ban so sa baki ba," in ji shi. "Amma tun ina yaro nake ganin kuna salla, ban taɓa ganin kun kalli kudu, wajen hanyar Zariya ba. A ina ɗanka ya ɗora abin nan?"

Na nuna akwatin. Ya ɗauko ƙusa ya kai kusa da shi, ta manne.

"Lasifika ce, Malam. Maganaɗisun cikinta ya kai faranti."

Muka fita da kamfas tsakar layi, allurar ta juya abinta. Gabas tana wajen matakala. Dattijon hannu kawai ya miƙo mini na ba shi allin.

Daga ranar sunana a layin ya koma Malam Kudu, har ɗaliban ajina suka samu labari. Ni kuma na koyi cewa kafin mutum ya gyara wa jama'a alƙibla, ya fara duba inda shi kansa ya tsaya.