Dalma a Bakin Masunci

Ni kaɗai na lura da baƙin layin da ke dasashinsa. Sauran mutane a barandar asibitin Madarumfa ƙafafunsa suke kallo, sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

"Baba Illo, ka yi ƙiba! Kifin tafki ya karɓe ka," in ji wata tsohuwa.

Yana murmushi. Likita ya ce ƙoda ce ta gaji, ya bar gishiri. Madalla, a ganinsu an kama mai laifi. Dalmar da nake zaton tun yarinta yake matse ta da haƙori a bakin ragarsa ta kamun kifi, mai bin jini ta ci ƙoda, babu wanda ya tambayi labarinta.

Kafin a miƙo magani, ya jawo ragar da ya zo da ita, ya sa dalma a baki, ya cije.