Tsohon da Ya Ƙi Shiga Na'ura a Sentul

Ban taɓa mantawa da ranar da aka turo mana Mista Hayashi a kan gadon marasa lafiya ba. Wata Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, a shekarata ta biyu a Kuala Lumpur. Asibitinmu na gida ne ya tura ni ƙaro ilimi a fannin ɗaukar hoton jiki, makarantar kuma ta haɗa ni da wani asibiti a unguwar Sentul don koyon aiki a aikace.

A lokacin ni kaɗai nake zaune a wani ɗaki a Wangsa Maju. Matata da yarana biyu suna Kano. Da safe in shiga jirgin ƙasa, in sauya wani, in sauka Sentul. Da yamma in yi tapau, wato in sayo shinkafa a ƙunshe, in ci ina kallon bango. Akwai makon da in ka cire "ja numfashi, riƙe, saki" da nake faɗa wa marasa lafiya, ba na jin na yi magana goma da wani mahaluki.

Shugaban sashenmu shi ne Mista Raman, Ba'indiye haifaffen Sentul, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Mutum ne mai tsare doka. Ku da kuka shigo aikin nan kun san ƙa'ida ta farko: na'urarmu tana harba wani haske mai ratsa jiki, wanda yawansa ke cutarwa, don haka ba a ɗora kowa sai likita ya rubuta dalili, mai jikin kuma ya yarda. Ma'aikaci ba ya tsayawa a ɗakin. In dole sai an riƙe mara lafiya, ɗan'uwansa ake sa wa rigar dalma ya riƙe shi.

Mista Hayashi Bajapane ne, ya haura saba'in da biyar, cikin waɗanda suka ajiye aiki suka zo Malesiya suka zauna. Santsi ya kwashe shi a banɗaki ya bugu a kai. Likita yana zargin jini na taruwa a ƙwaƙwalwarsa, ya rubuta a yi masa sikanin na gaggawa. Na duba takardarsa, gurbin da ake rubuta dangi na kusa babu komai.

Na yi masa bayani da Turanci, ya saurara har na gama. Sai ya dubi bakin na'urar, ya ce, "A'a. Na gode."

Na ce masa hasken ɗan kaɗan ne, minti biyu an gama.

Ya ce, "Na riga na sha rabona tun ina ɗan shekara shida."

Ban gane ba sai da ya ambaci Hiroshima. Ya ce ranar da aka jefa wa garin bam ɗin nukiliya, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, yana wajen gari gidan kakarsa, yayarsa kuma tana cikin gari. Ta dawo da ƙafarta, ko ƙuna babu a jikinta, aka yi ta murna. Bayan mako biyu gashinta ya fara zuba, dasashinta yana jini. Shi ne yake kore mata ƙuda har ta cika. Ya ce tun daga nan ko haƙori ba ya yarda a ɗauka masa hoto. Matarsa ce take iya lallashinsa, ita kuma ta rasu shekara uku da suka wuce.

Ni dai abin da na sani game da yaƙin nan bai wuce shafi biyu na littafin sakandare ba. Amma na buɗe baki na ce, "Waɗanda suka yi wannan azzalumai ne, ba su da wata hujja." Ya dube ni kawai. Na lura maganarsa ta fara nauyi, ido ɗaya yana lumshewa. Na fita da sauri neman Mista Raman.

Yana ɗakin sarrafa na'ura, ashe ta lasifika ya ji komai. Na ce, "Yallaɓai, ko za ka yi masa magana? Lokaci yana tafiya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba su da hujja, ko? Kai ka yanke?"

Sai ya juyo ya fuskance ni.

Ya ce, "Mahaifina yana da shekara goma sha bakwai sojan Japan suka kwashe shi daga unguwar nan, shi da ƙanensa da maƙwabta, aka kai su dajin Siyam shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ƙanen a can aka binne shi. Mahaifina yana kwance a bukkar waɗanda aka fid da rai da su aka ce yaƙi ya ƙare. Da an ƙara wata ɗaya, Sani, babu ni. Kira likita ya zo ya sa shi ya sa hannu cewa ya ƙi."

Abin da doka ta ce ke nan. Na ɗauki waya, amma na kasa dannawa. Ta gilashi ina hango tsohon shi kaɗai, yana ƙoƙarin jawo bargo ya rufe ƙafarsa, hannun ya ƙi kai wa. Mista Raman ma shi yake kallo. Can sai ya miƙe, ya tura ƙofa ya shiga, na bi bayansa.

Bai lallashe shi ba. Ya gyara masa bargon, ya tsaya a kansa, ya maimaita masa labarin mahaifinsa kamar yadda ya faɗa mini, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Abin da ya kashe yayarka shi ya dawo mini da uba. A gidanmu ba mu taɓa yin baƙin cikinsa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ka mutu a ɗakin nan da abin da zan iya gani cikin minti biyu, wannan a wuyana yake."

Mista Hayashi ya juyo ya dube shi. Sai ya tambaya: "Ƙanen mahaifinka, shekararsa nawa?"

"Goma sha biyar."

"Ita sha uku." Ya rufe ido. "Idan na shiga, kowa zai fita ya bar ni?"

Na ce zan tsaya da shi. Mista Raman ya ce, "Ba boleh, ba zai yiwu ba. Kai yaro ne, iyalinka suna jiranka. Ni na gama haihuwa." Ya ɗauko rigar dalma ya sa, ya ce in rubuta a littafi cewa shi ya tsaya, da dalilin, ya sa hannu. A shekara biyun da na yi ƙarƙashinsa, ranar kaɗai na ga ya kauce wa ƙa'ida.

Na koma bayan gilashi. Tsofaffi biyu a ciki, ɗaya a kwance, ɗaya riƙe da hannunsa. Ni ne na danna maɓallin. Na danna shi sau dubbai kafin ranar, ban taɓa jin yatsana ya yi nauyi irin haka ba.

Hoton ya nuna jinin, kuma da yawa. Kafin azahar an shiga da shi tiyata, aka yi nasara. Kwana tara ya yi a ɗakin jinya da ke saman bene. Ba wanda ya zo duba shi sai ni, nakan hau lokacin hutun rana in zauna. Ba ma wata hira; shi yana kallon taga, ni ina cin burodina. Mista Raman bai hau ba ko sau ɗaya, amma kullum in na sauko sai ya ce, "Ya ci abinci?" Daga baya wani ɗan ɗan'uwansa ya zo ya mayar da shi Japan. Ban sake jin labarinsa ba.

Ranar da aka sallame shi, Mista Raman ya ja ni mamak, wato shagon shayi da abinci na bakin asibiti, karo na farko da wani ya gayyace ni shan shayi a ƙasar. Na yi ƙarfin hali na ce, "Yallaɓai, yanzu a ganinka, daidai aka yi ko kuskure?"

Ya juya kofinsa. Ya ce, "In na ce daidai ne, na sake kashe yarinyar nan. In na ce kuskure ne, na shafe kaina da 'ya'yana uku. Masu littafi suna ta gardama, wasu na cewa Japan ta kusa sallamawa ko ba bam, wasu na cewa da an daɗe ana mutuwa. Su yi ta yi. Ni kam ban iya ba. Sha shayinka."

Da yamma a jirgi matata ta kira, ta ce ya aiki. Na ce lafiya lau. Ban san ta inda zan fara ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da kuka fara aiki yanzu: idan mara lafiya ya ce a'a, kada ku yi saurin cewa jahilci ne, ku tambaye shi me ya gani. Kuma kada ku yanke hukunci a kan abin da ba ku binne kowa a cikinsa ba, don ba ku san wa ke saurare ta lasifika ba. Ni na yanke nawa cikin daƙiƙa biyar. Mutanen biyu da abin ya shafa, ɗaya bai amsa mini ba, ɗayan ya ce bai iya ba, amma shi ne ya sa rigar dalma ya tsaya.